Ƙarƙashin baƙin ƙyalle

Duk shirin da aka yi a kan masu ɗaukar hoto da babbar kyamara, wuri ɗaya nake jira a cikinsa. Mai hoto ya kafa ƙafafun nan uku, ya ɗora akwati, ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya daɗe a ciki yana murɗa wannan yana sassauta wancan. Sai ya fito, ya rufe idon kyamara, ya zura mariƙin fim ta baya. Daga nan ba ya ƙara ganin komai ta cikin na'urar, domin fim ya tare gilashin da yake leƙawa. Dole ya tsaya a gefe, da igiyar latsawa a hannu, ya dubi mutumin ko dutsen ko ginin da ƙwayar idonsa, ya yanke wa kansa cewa yanzu ne. In mai shirya fim ya bar mu muka ga wannan tsayuwar, to ya san aikinsa. In ya datse ta ya kawo mana wani masani a kan kujera yana zuba bayani, raina yakan ɓaci.

Sana'ata ɗaukar bidiyo ce a nan Katsina: biki, suna, walimar sauka, taron siyasa in kakarsa ta zo. Tun da na fara, idona a kan ɗan allon kyamara yake, kuma ta cikinsa nake ganin amarya da ango da 'yan rakiya. Ina jin wannan ne ya sa aikin mutanen nan ya kama ni, har na shiga neman fina-finansu a intanet ina saukewa da daddare, lokacin da sabis ya fi ƙarfi a unguwarmu.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, babbar kyamara ba wata aba ce mai wuyar ganewa ba. Allo biyu ne. Na gaba yana riƙe da ido, wato gilashin da haske ke shiga ta cikinsa, na baya kuma yana riƙe da wani gilashi mai dishi-dishi inda hoton ke sauka. Tsakaninsu akwai jakar fata da ke miƙewa tana takurewa kamar zugazugin maƙera. Hoton da ke sauka a baya a kife yake, sama ta koma ƙasa, kuma haskensa ba shi da ƙarfi, shi ya sa sai an lulluɓa kafin a gan shi sosai. Fim ɗin ba naɗi ba ne, falle-falle ne. Akwai mai inci 4 da 5, akwai mai inci 8 da 10, wanda girmansa ya ninka na ƙaramin fim ɗin nan mai milimita 35 wajen sau 60. Mariƙi ɗaya falle biyu yake ci, ɗaya a kowace fuska, kuma cikin duhu ake loda shi da lalube. Wanda ya fita da mariƙi 6, hoto 12 gare shi ranar nan, ba ƙari.

Allunan biyu kuma kowanne yana motsi shi kaɗai, kuma nan ne gwanintar take. Ka je gindin Gobarau da waya, ka ɗaga ta don ka kamo ƙololuwar hasumiyar. A hoton za ka ga ginin ya jingina baya, ya tsuke ta sama fiye da yadda magina suka tsuke shi. Mai babbar kyamara ba ya ɗaga bakin akwatinsa. Yana barin allon baya a tsaye cak, daidai da bango, sai ya zame na gaba ya yi sama, ginin ya shigo duka a miƙe yadda yake.

Shirin da na fi yawan komawa gare shi shi ne The Photographer, na 1948, wanda Willard Van Dyke ya yi a kan Edward Weston, mai hoto ɗan Amurka. Bai kai rabin awa ba, baƙi da fari ne, kuma gwamnatin Amurka ce ta sa aka yi shi don a riƙa nunawa a ƙasashen waje. Muryar mai bayanin irin ta wancan zamanin ce, tana da ɗan nauyi a kunne, amma hotunan sun biya. Dalili kuwa shi ne Van Dyke ba baƙo ba ne a sana'ar. Mai hoto ne, ya koyi aiki a hannun Weston, kuma tare da shi da Ansel Adams da Imogen Cunningham suka kafa ƙungiyar f/64 a 1932, wadda ta ɗauko sunanta daga 'yar ƙaramar ƙofar hasken da ke sa komai ya fito tar, na kusa da na nesa. Saboda haka ya san inda zai tsaya da abin da zai bari ya yi tsawo. Za ka ga dattijo a bakin tekun Kalifoniya, tsakanin duwatsu, da kaya mai nauyi, yana dubawa yana sake dubawa kafin ma ya kafa ƙafafu. Yawancin aikin dubawa ne. Latsawar kanta ba ta kai ƙiftawar ido ba.

Akwai abin da ke sa ƙirjina ya yi nauyi duk lokacin da na kalle shi. An haifi Weston a 1886, kuma lokacin da ake ɗaukar shirin ciwon karkarwa, wanda ake kira Parkinson, ya riga ya fara cin jikinsa. A shekarar da shirin ya fito, 1948, ya ɗauki hotonsa na ƙarshe a Point Lobos, wurin da ya shafe shekaru yana aiki. Ya rayu har farkon 1958, amma a waɗannan shekaru 'ya'yansa Brett da Cole ne ke wanke mashi hotuna, shi yana dubawa yana cewa a ƙara ko a rage. Da Van Dyke ya ce bari sai baɗi, da ba mu ga hannun mutumin nan a kan kyamara haka ba.

Ɗakin duhunsa ma, inda yake wanke hotuna, abin a tsaya ne a kai. Weston ba ya faɗaɗa hotunansa masu inci 8 da 10. Nagatif ɗin, wato fim ɗin da aka wanke wanda fari ke fitowa baƙi a jikinsa, shi yake ɗorawa kai tsaye a kan takarda, ya danne da gilashi a cikin firam, ya kunna ƙwan lantarki ɗaya da ke rataye a sama, ya kashe, ya tsoma a ruwan magani. Girman nagatif shi ne girman hoto. Abin da ya tsara a ƙarƙashin ƙyalle shi ke fitowa a takarda, ba a yanke gefe, ba a gyara tsari daga baya. Da irin wannan kaya ya yi hoton tattasai ɗin nan na 1930 da ake kira Pepper No. 30, ɗan tattasai guda da ya saka cikin mazurarin kwano don haske ya kewaye shi. Na nuna wa wani abokin aikina a waya ba tare da na faɗa mashi ko mene ne ba, ya ce bayan ɗan dambe ne.

Ansel Adams ya fi Weston suna, kuma an fi yi mashi fina-finai. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne na Ric Burns, na 2002, wanda ya zo daidai da cikar shekara 100 da haihuwarsa. Shiri ne mai kyau, duwatsun Yosemite sun fito da kwarjini, an ba da tarihinsa tun yana yaro mai koyon piyano a San Faransisko. Sai dai ni bai ƙosar da ni ba. Adams ya rasu tun 1984, don haka mai shirin ba shi da zaɓi sai ya dogara da tsofaffin hotuna da bakin masana. Na fi son gajerun tsofaffin bidiyon da aka ɗauke shi da ransa a ɗakin duhu, ko da launinsu ya koɗe. A nan ne za ka ga yana kaɗa hannu tsakanin fitila da takarda, yana kare wani sashe daga haske don kada ya yi duhu, yana ƙara wa wani sashe da kwali mai huda. Gani ya kori ji. Bayanin awa guda ba zai koya maka abin da minti biyu na motsin hannun nan zai koya maka ba.

Labarin hotonsa na fitowar wata a ƙauyen Hernandez, a jihar New Mexico, kusan kowane shiri sai ya kawo shi, kuma ya cancanta. A watan Nuwamba na 1941 ne, yana tuƙi da yamma da ɗansa da abokinsa a mota, sai ya hango wata ya fito a kan dusar ƙanƙarar duwatsu, ga ƙauye, ga maƙabarta, rana mai faɗuwa tana dukan fararen alamun gicciye da ke kan kaburbura. Ya taka birki, suka yi ta fito da kaya, aka nemi ma'aunin haske aka rasa. Abin da ya cece shi, ya haddace ƙarfin hasken wata da ka, sai ya yi lissafi a kansa ya latsa. Ya juya mariƙi zai ƙara na biyu, rana ta bar kaburburan. Falle ɗaya ke nan. Daga wannan fallen ya wanke hoto sama da 1,300 a tsawon rayuwarsa, kuma na farko-farko samaniyarsu da sauran haske, na baya-baya kuwa ya mayar da ita baƙa ƙirin. Mutane suna jin labarin su ce sa'a. Ni abin da nake ji a ciki shi ne shekarun da ya yi yana auna haske har lambobin suka zauna mashi.

Shirin da ya fi nuna aikin hannu ƙuru-ƙuru shi ne What Remains, na 2005, wanda Steven Cantor ya yi a kan Sally Mann, wata mata da ke zaune a gona a jihar Virginia. Ita ta koma wa hanyar da aka ƙirƙiro tun 1851, ta jiƙaƙƙen gilashi. Tana riƙe fallen gilashi a tafin hannu, ta tsiyaya mashi wani ruwa mai danƙo da ake kira kolodiyon, ta karkata shi nan ta karkata can har ya bi ko'ina, ta tsiyaye ragowar ta kusurwa. Sai ta tsoma shi a ruwan azurfa, ta sa a mariƙi, ta ɗauka, ta koma ta wanke, duk kafin ya bushe, abin da bai wuce minti 10 zuwa 15 ba. Ruwan azurfar yana baƙanta yatsu. Ƙura tana faɗawa, ruwa yana barin zane, gefe yana ɓarewa, ita kuwa ba ta ƙin waɗannan, tana ma maraba da su. Ina kallo ina tunanin watan Afrilu a Katsina, ko tsakiyar hunturu da iskar nan mai busar da leɓe. A nan sai an yi da gaske kafin a riga gilashin bushewa, kuma ƙura ba sai an gayyace ta ba.

Amma zan faɗi gaskiya a kan wannan shiri, don kada wani ya kunna shi a falo da iyali. Akwai sashen da take ɗaukar gawarwakin da aka ajiye a fili don binciken kimiyya a wata cibiya ta Jami'ar Tennessee, akwai kuma hotunan 'ya'yanta da ta ɗauka suna ƙanana ba sutura, waɗanda suka jawo ce-ce-ku-ce a can Amurka ma. Ni duka biyun ba su kwanta mani ba. Mamaci yana da alfarma, yaro ma haka. Ina girmama hannunta, amma wuraren nan nakan tura gaba.

Manufactured Landscapes, na 2006, wanda Jennifer Baichwal ta yi tana bin mai hoto Edward Burtynsky ɗan Kanada zuwa ƙasar Sin, wani abu daban ya koya mani. Ya buɗe da kyamara tana tafiya a hankali cikin wata masana'anta kusan minti 8 ba yankewa, layi bayan layi na ma'aikata. Daga baya sai ga madatsar ruwan Three Gorges da garuruwan da ake rushewa dominta. A nan mai hoto ba shi kaɗai ba ne. Akwai mataimaka, akwai tafinta, akwai doguwar magana da jami'ai kafin a ba da izinin kafa ƙafafu uku. Duk wanda ya taɓa neman wurin tsayawa da kyamara a Ƙofar Soro ranar hawan Sallah ya san rabin aikin ke nan.

To, duk waɗannan Turawa ne, kuma ba su kaɗai suka shiga ƙarƙashin ƙyalle ba. Seydou Keïta na Bamako ya buɗe wurin hotonsa a 1948, shekarar da shirin Weston ya fito. Da kyamara mai santimita 13 da 18 yake aiki, yawanci da hasken rana a tsakar gida, da zane mai ado a rataye a baya. Yana ajiye rediyo da agogo da alƙalami da tabarau, har da babur, don wanda ke so ya fito da su. Fim da tsada, don haka yawanci sau ɗaya yake latsa wa mutum. Dubi yadda yake kwantar da hannun mace a kan cinya, yadda zanen jikinta ke magana da zanen bango. A 1962 ya koma yi wa gwamnati aiki. A 1991 aka rataye hotunansa a wani baje koli a New York ba tare da sunansa ba, sai daga baya aka bi sawu har Bamako aka same shi da nagatif ɗinsa a adane. Ya rasu a Faris a 2001. A nan gida Najeriya akwai Solomon Alonge na birnin Benin, mai hoton fadar Oba Akenzua na biyu, wanda ya buɗe Ideal Photo Studio a 1942 kuma ya yi aiki da nagatif na gilashi. Kayansa yanzu suna gidan tarihin Smithsonian a Washington.

Mu fa? Muna da hotunan Sarki Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, muna da na Sarki Usman Nagogo a filin folo, muna da na ɗaliban tsohuwar Kwalejin Katsina a jere cikin fararen kaya. Kullum ana yaɗa su a Facebook, ana jera sunayen waɗanda ke ciki, na zaune da na tsaye. Wanda ya tsaya a bayan akwati ba a cika tambayarsa ba. Kuma ban da masu hoton manya, akwai masu hoton talakawa, waɗanda suka zauna a bakin tasha da bakin kotu da ƙofar ofisoshi suna yi wa mutane hoton fasfo nan take.

Ɗaya daga cikinsu aminin mahaifina ne, Allah ya jiƙan mahaifin nawa. Aminin nasa, wanda nake kira Baba, yana nan da ransa a cikin gari, idonsa ya yi rauni amma kansa garau. Ya yi shekaru a gindin wani iccen bedi da akwatinsa na katako, wanda shi ne kyamara shi ne kuma ɗakin duhu. Ba fim yake sawa ba, takardar hoto yake yankawa ƙanana. A jikin akwatin akwai hannun riga na baƙin yadi, ta nan yake zura hannu ya lalubo takarda ya kafa ta. A ciki akwai 'yan tasoshi biyu, ɗaya na maganin fito da hoto, ɗaya na maganin tsayar da shi. Idon kyamarar ba shi da abin latsawa, murfi ne kawai yake cirewa ya mayar. Hoton farko yana fitowa a juye, fuska fara, farar hula baƙa. Sai ya ɗauraye shi a bokiti, ya manna shi da danshinsa a wani ɗan allo da ke gaban kyamara, ya sake ɗaukar hoton hoton, na biyun ya fito daidai. Ya datse gefe da almakashi, wanda aka ɗauka ya karɓa yana kaɗawa don ya bushe.

Na kai mashi shirin Weston a waya, na riƙe mashi kusa da fuska. Bai ce komai ba har aka zo inda dattijon ke ƙarƙashin ƙyalle. Sai ya ce, "Wannan ya san rana."

Na ce, "Baba, ku da me kuke auna haske?"

Ya ce, "Da ido mana, ɗana. In gari ya yi tar, in cire murfi in mayar. In da hazo, sai na ƙirga uku. Ba hasken ne mai wuya ba, mutumin ne. Baƙauye ya zo zai yi hoton tafiya Makka, bai taɓa zama gaban akwati ba, ya sandare, ido waje. In ka ɗauke shi haka, ka cuce shi, don hoton nan shi 'ya'yansa za su riƙe. Sai ka bar akwatin, ka gyara mashi hula, ka tambaye shi damina, ka tambaye shi wa ya bari a gida. In kafaɗarsa ta sauka, sannan ka ce kada ya ƙifta."

Na tambaye shi ko an taɓa ɗaukarsa yana aiki. Ya yi shiru, sannan ya ce hoton kansa ma guda biyu gare shi, kuma duka wani ne ya cire mashi murfin.

Akwatin yana nan a ɗakin shirgi. Gara ta ci ƙafa ɗaya, hannun rigar ya zama tsumma, amma gilashin idon lafiya lau, a naɗe cikin tsohuwar hula. Na kai wa kafinta ƙafar, tela kuma zai ɗinka sabon hannu da yadi ninki biyu don kada haske ya ratsa. Abin da ya rage shi ne takardar hoto ta baƙi da fari da magungunan nan biyu, waɗanda na sa wani abokina da ke Legas ya nemo mani. Baba ya yarda zai zauna a gindin icce ya yi aikin tun daga yankan takarda har datse gefe, da sharaɗin ba za a hanzarta shi ba, kuma mutumin da za a zaunar ya zama wanda bai saba da shi ba. Ni kuma na yi niyyar ba zan sa kiɗa ba, ba zan kawo mai sharhi ba, kuma in ya zura hannu cikin akwati yana lalube, kyamarata za ta tsaya a kansa har ya fito da shi, ko minti nawa ne.

Ba shi kaɗai nake so ba. In akwai tsohon hoto a gidanku, na kaka ko na auren iyaye, ku ciro shi daga firam a hankali ku duba bayansa. Da yawa akwai hatimin mai hoton, wani lokaci har da unguwar da shagonsa yake. Ku ɗauki bayan da waya ku turo mani, ko daga Katsina ne, ko Daura, ko Funtuwa, ko Malumfashi. In mai hatimin yana raye zan je in gaishe shi, in ya rasu zan nemi 'ya'yansa in tambaye su inda akwatin yake.